Hannun Hawwa Mai Nono

Yaya Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta? Tunda babu sabis a ƙauyen da aka tura ka, na ba direba wannan wasiƙar. 'Yan sanda sun kama autanmu Siddiq da wayar sata a Babbar Kasuwa. Zaman banza ne da miyagun abokai. Hajiya ko ruwa ta ƙi sha. Kai sufeto ne, ka sa baki a sake shi kafin unguwarmu Kambarawa ta ɗauka.

Ƙanwarka, Iklima.

Iklima,

Wa'alaikumus salam. Na aika wa abokin aikina, za a sallame shi shiru. Kullum ina zagin masu yin haka, yau ga ni a layinsu. Ki gaishe da Hajiya, ta ci abinci.

Muhyiddeen.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba. Bayan an sake shi, Siddiq ya tare Hawwa, Bafulatanar da ke kawo mana nono tun yana goye, wajen Ƙofar Kwaya. Tana lulluɓe, bai gane ta ba sai da ta kira sunansa. Ya firgita, ya yanke ta a hannu, ya gudu da wayarta.

'Yan sanda sun yi kamen kan mai uwa da wabi, suka tafi da Idi mai shayi, ga iyali da komai a wuyansa. An tambayi Hawwa, ta ce ba ta ga fuska ba. Jiya ta zo da ƙwaryarta, hannu a naɗe. Ta ce mini, “Iklima, na ci gishirin gidan nan, bakina ba ya iya faɗi.”

Siddiq yana ɓoye a ɗakin marigayi Baba, ni ke kai masa tuwo. Ni na roƙe ka, Yaya. Kunya ta hana ni kallon hannun nan.

Iklima.

Iklima,

Salam. Ke kika roƙa, ni na buɗe ƙofar. Idi fa? Zan nemi izini in taho.

Muhyiddeen.

Yaya,

Salam. Kada ka wahala. Da kaina na kai 'yan sanda har ƙofar ɗakin. An saki Idi. Hajiya ta daina amsa gaisuwata.

Likita ya ce yatsun Hawwa ba za su ƙara tatsa ba. Ta zo ɗazu, tana tambaya ko ana ba Siddiq abinci a can inda ake tsare da shi.

Ka huta lafiya.

Iklima.