Ɗakin Ƙarƙashin Gida

Pantai Dalam, Kuala Lumpur

Yaya Kamila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna da yara. Mu lafiyarmu ƙalau, zuciyata ce kawai take tafasa.

Kin tuna gidan katakon da muke haya, mai tsaye a kan ginshiƙai kamar rumbu? Da aka haifi Afnan ya yi mana kaɗan, tsohuwa mai gidan ta yarda mu ƙara ɗaki. Maigidana Shafi'u ne ya yi shi da wani kafinta, yana dawowa daga makaranta ya ɗauki guduma, har ƙusa ta huda masa ƙafa. A jikin ƙofar ɗakin nake auna tsawon ɗana Al-Amin da fensir.

To, Muhyiddeen, ɗan garinmu dillalin da ya samo mana gidan, wanda ya ci tuwona har ya gaji, ya ga wuri ya yi kyau. Ya zagaya ya gaya wa ɗan tsohuwar wai Shafi'u ya gama karatu, gida za mu koma. Kafin labari ya iso mu an sa hannu an ba shi. Yanzu muna cushe can saman wani dogon bene, yara ko wurin gudu ba su da shi. Shafi'u ya ce a bar wa Allah. Ni dai ban yafe ba.

Ƙanwarki,
Hussaina

Gwammaja, Kano

Hussaina,

Wa alaikumus salam. Inna tana amsawa. Abin ya yi min ciwo, amma na san ki, tun kina yarinya ba a taɓa ki a kwana lafiya. Ki bi maganar mijinki. Wanda ya cuce ki da gida bai isa ya raba ki da barci ba sai kin yarda.

Yayarki,
Kamila

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ba sai na ɗaga yatsa ba, shi ya kawo kansa. Na haɗu da Muhyiddeen a kedai, wato kantin unguwa, yana ta cika baki wai Malay ba su san darajar fili ba, sun bar ƙarƙashin gida kaji na yawo. Ya sa an zagaye wurin da bulo, zai yi ɗaki a ƙasa irin namu na Kano, har da tayil.

Yaya, mutumin nan tun da ya zo a bene yake zaune a unguwar Brickfields. Bai san dalilin ɗaga gidan ba. Duk ƙarshen shekara kogi yana cika, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin nan har ƙugun namiji, wani lokacin kafin ki ɗaura zani ya iso. Maƙwabta sun so su faɗa masa, ya ce hassada ce. Ni kuwa na ce masa Allah ya sanya alheri. Ban gaya wa Shafi'u ba, don na san da gudu zai je ya faɗakar da shi. Wallahi ina jin tsawa daɗi nake ji.

Hussaina

Hussaina,

Ina fata kuna lafiya. Jiya a wurin suna na zauna kusa da ƙanwar Muhyiddeen. Mahaifiyarsu, Hajiya Hadijatu, za ta taho wurinsa a yi mata aikin gwiwa. Ko dakali ba ta iya hawa sai an riƙe ta. Ɗakin ƙasan nan nata ne.

Ban ce ki yi komai ba. Na dai faɗa miki.

Kamila

Malam Muhyiddeen,

Salamu alaikum. An ce ka gama fenti, ka shigar da gado da kujeru. Da ma shi nake jira.

Ruwa yana cin ƙarƙashin gidan nan duk shekara, kuma lokacinsa ya kusa. Kada ka kwantar da Hajiya a ciki. Ka goya ta ka hau da ita sama, ɗakin da mijina ya yi, nan ruwa bai taɓa kaiwa ba. Idan ta ga zanen fensir a jikin ƙofa ta tambaye ka tsawon ɗan wa aka auna, sai ka gaya mata.

A gaishe ta da jiki.

Maman Al-Amin