Na yanke wutsiyar fishiye, gonar kawuna tana ciki

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ina aikin ordinatar, wato kwamfuta, a wata ƙaramar ƙungiya mai gyaran gonakin da ruwa ke ci a yankin Bouza, Keita da Madaoua. Akwai wani ƙaton fishiye, wato fayil, mai ɗauke da awon gonaki, ya fi ƙarfin memuwar na'urarmu, wato ƙwaƙwalwarta, nesa ba kusa ba. Sai na rubuta program a yaren ordinatar da ba ya karanta layi sai an nemi layin, in ya gama da shi ya saki, kamar mai ɗibar hatsi a rumbu daidai tuwon yau. Na yi ta cika baki a biro, ofishinmu. To, don in ƙirga gonakin daga baya, sai na bar program ɗin riƙe da layin farko. Ashe muddin layin farkon yana hannu, duk abin da ya biyo baya ba ya sakuwa. Memuwar ta cika, na'ura ta sandare, ga shef, shugabanmu, yana jiran sakamako. Maimakon in nemi ciwon, sai na sa program ya tsaya shiru in ya kusa cika, ya fitar da abin da ya samu. Wa zai lura? Haka na ce wa raina.

Gonakin Madaoua ne a ƙarshen fishiyen. Da wannan guntun sakamako aka raba aikin shingen duwatsu, ƙauyukanmu na Galma, can Madaoua, ko ɗaya bai fito ba. Shef, mutumin da ya tsaya mini har aka ɗauke ni aiki, shi ya sa hannu.

Da na je gida, kawuna ya kai ni bakin gonarsa, ya nuna mini inda kori, kwazazzabon ruwa, ya cinye. Ya ce, "Ɗana, mi munka yi ma ordinatarku? An ce ita ta ce ba mu da bukata." Na ce, "Kawu, na'ura ba ta ƙarya." Wallahi da bakina na faɗa.

Yanzu na gano gyaran, layi biyu ne kawai. Amma in na gyara sakamako zai canza, a tuhumi shef kafin a zo kaina. In na yi shiru, damina ta kusa, korin nan kuma ba zai jira ni ba. Tsoro nake ji, kunya nake ji, na rasa ta inda zan fita. Jama'a, me zan yi?