Labarin da Mashkura Ta Ƙirƙira

Karmo, Abuja

Maman Mashkura,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, aikin gadi a Idu yana tafiya, tsayuwar ce dai sai a hankali.

Zancen 'yarki ne ya ɗaure min kai. Da ta zo hutu, matar ogana ta sa ta ajin koyon rubuta labari tare da 'ya'yanta. Na ɗauka gyaran rubutun hannu ne. Ashe koya musu ake yi su ƙirƙiri abin da bai faru ba! Mu da aka zane kan ƙarya, yau ga malama tana tafa wa yara.

Ranar rufewa aka gayyaci iyaye. Mashkura ta karanta nata: wani mai gadi ne da kullum yake jiƙa garin kwaki, amma in ya kira gida sai ya ce yanzu ya gama cin shinkafa da kaza. Kowa ya yi dariya. Malama ta ce min, "Baba, yarinyar nan akwai basira, ina ta samo wannan?" Na ce wallahi ban sani ba.

Kada ki damu, labari ne kawai, ina cin abinci. Sai dai a ƙarshe mai gadin ya tattara kayansa ya koma gida. Na tambaye ta dalili, ta kau da kai.

Ki gaida Inna, ta sa mu a addu'a. Kuma ke kin fi ni sanin yarinyar nan: ƙarya take shiryawa, ko roƙona take yi?

Naki,
Sadisu