Jaguwar Alhaji Usmanu da Marsandinsa

Al-Sih, Madina, 3 ga Maris 1998

Zuwa ga Alhaji Usmanu, Jidda,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan iyali lafiya.

Ka ce in rubuta wa mai sayen nan na Riyad wacce ta fi cikin tsofaffin motocinka biyu. Jaguwar ta 1967 ta fi gudu, ta fi kyau, kukan injinta kaɗai ya isa ya sa dattijo wauta. Marsandin ta 1969 kuwa nauyin jiki gare ta kamar surukar gida, amma fentinta na kamfani ne, ba a taɓa kwance mata ko ƙusa ba.

Masu tara motoci asali suke saye. Na bi jikin Jaguwar da maganaɗisu, ya faɗi a ƙofar hagu, domin ma'ajun ne a wurin, ƙullun da ake cike lotsawar mota da shi, ba ƙarfe ba. Marsandin ta fi.

Naka makanike,
Khalilu

Jidda, 11 ga Maris

Khalilu,

Wa alaikumus salam. Jaguwar nake son sayarwa, Marsandin ta mahaifina ce. Mutumin ba ya yarda da sa hannun kowa sai naka. Rubuta cewa Jaguwar ba ta taɓa yin hatsari ba, khalas, shi ke nan. Ka tuna iƙamarka, takardar izinin zamanka, za ta ƙare a watan gobe, kuma ni ne kafilinka da ya tsaya maka a ƙasar nan.

Wassalam,
Usmanu

Al-Sih, 19 ga Maris

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa,

Ni na cike ƙofar nan da hannuna, shekarar da ɗanka Fahad ya goga ta da motar alhazai a Bi'ir Ali. Aikin ya yi kyau, shi ya sa ka manta. Ni ban manta ba. Zancen iƙama ya ƙona min rai, shekara ashirin da biyu ina ƙarƙashin motocinka. Sa hannun da kake nema yana da daraja ne domin bai taɓa hawa kan irin wannan takarda ba. Ba zan rubuta ba.

Ka huta lafiya,
Khalilu

Jidda, 27 ga Maris

Khalilu,

Salam. Zai zo ranar Asabar. Ba sai ka rubuta komai ba. In ya tambaya, ka yi shiru kawai, in sabunta maka iƙamar.

Usmanu

Al-Sih, 5 ga Afrilu

Alhaji, assalamu alaikum.

Ya zo, ya tambaya, na ɗora hannunsa a kan ƙofar. Makullan gareji suna wurin Hafizu maƙwabci. Fasfona yana hannunka, ka buga min bizar fita zuwa gida Chadi.

Na so a binne ni a maƙabartar Baƙi'a ta Madina, wallahi na so. Allah Ya bar zumunci.

Khalilu