Taken 'Yar Fari

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randar ƙasa a tsakiyar bazara, maigidana, wanda zuciyata ta sani tun bakina bai iya faɗa ba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa hadarin farko. Yaya Abuja, yaya aiki? Mu nan Ƙofar Mazugal lafiya muke. Mahaifiyarka Inna ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida shan hantsi. Na ba ƙaninka Muttaka wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu, domin idan na kira ka a waya ba ka wuce "lafiya lau" da "sai na kira", ni kuwa abin da ke raina ya fi ƙarfin gaisuwar tsaye.

Ranar Juma'a Muttaka ya shigo daga kasuwar Ƙofar Ruwa yana ta murna, waya a hannu. Ya ce, "Matar Yaya, zo ki ga mijinki, wallahi duk Abuja babu mai kamo ƙafarsa!" Matan gida suka yanyame shi. Sai ga ka a wani babban otal, fitilu ja da kore suna yawo a kanka, ka rungume jita mai lantarki, yatsunka suna hawa suna sauka har ido ba ya iya bin su. Gwaggo Sa'a ta dafa ƙirji ta ce, "Ikon Allah! Wannan yatsu ne ko keken ɗinki?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na ji daɗi, ban ɓoye ba. Wace mace ce za ta ga ana tafa wa mijinta ranta bai yi fari ba?

Da suka watse na roƙi Muttaka ya bar min wayar. Na shiga ɗaki, na rufe idona, na saurara da kunne kaɗai. Na neme ka a cikin kiɗan nan kamar mai neman allura a cikin buhun gero. Na sake kunnawa, na sake nema. Ya hasken raina, ban same ka ba!

Kada ka ce na raina baiwarka. Ni na ga yadda ka same ta. Na ga kan yatsunka sun tsage sun yi kanta, na shafa musu man kaɗanya da hannuna. Na san sauri irin wannan ba a tsintarsa a hanya, kuma babu kuskure ko ɗaya a abin da na ji. Amma ruwan da ya sauko da ƙarfi kamar da bakin ƙwarya, a kwata yake ƙarewa, yayyafi shi ke shiga ƙasa. Kiɗanka na yanzu ba ya barin wurin numfashi. Kafin wata murya ta taɓa zuciyata wata ta ture ta, wata ta ture wannan, har a gama mutum yana ta mamaki amma bai san abin da aka gaya masa ba. Masu tafi sun ga gwani. Ni na ga mutum yana gudu. Wa ke bin ka, abin ƙaunata? Wane ne ya biyo ka da sanda, da ba za ka iya tsayawa a kan tsirkiya ɗaya ka bar ta ta gama kukanta ba?

Ka tuna lokacin da kake zuwa zance a zauren gidanmu? Baba malami ne, jita ba ta isa ta tsallake ƙofarsa ba, sai ka bar ta a rumfar dukanci ta babanka a kasuwar Kurmi, ka zo da ƙanshin fata a rigarka. Ba ka iya daɗin baki ba. Sai ka zauna kana taɓa gwiwarka da yatsa a hankali, a hankali, kamar kurciya tana taku a kan katanga. Na tambaye ka me kake yi, ka ce, "Kiɗanki nake, ba ki ji ba?" Wallahi na ji. Babu jita, babu tsirkiya, amma na ji shi har cikin ƙashina. A ranar na san ko duk samarin birni za su jeru daga Dala zuwa Goron Dutse, kai zan nuna.

Sai Allah ya ba mu ita. 'Yar fari ce, ga Inna a gida, ga idon dangi. Ni ban isa in kira sunanta ba, kai ma haka. Idan ta yi kuka a gaban mutane sai in kau da kai har wata ta ɗauke ta ta miƙo min. Kai kuwa sai ka wuce ta kamar ba ka gan ta ba, alhali ina ganin yadda idonka ke komawa baya. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi, ban kuma ce laifi ne ba. Amma so ruwa ne, idan an tare shi nan sai ya ɓulla can. Naka ta cikin jita ya ɓulla.

Ranar da ta fara tatata, bayan la'asar ne, kana zaune a bakin ƙofar ɗaki da tsohuwar jitarka ta katako. Ta saki turmi ta ɗaga ƙafa, ka taɓa tsirkiya. Ta sake ɗagawa, ka sake taɓawa. Ta yi tangaɗi, kiɗan ya yi tangaɗi. Ta faɗi zaune daɓas, sai ka ɗora tafin hannunka a kan jitar, komai ya yi tsit. Muka riƙe numfashi, ni da kai da Inna. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe, kiɗan ya miƙe tare da ita, ya hau sama yana dariya. Inna ta ce, "Oh ni! Yau ga 'yar sarauta an yi mata take." Tun daga ranar ya zama sunanta a wurinmu. Ko tana gidan maƙwabta, ka taɓa shi, sai ga ta da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ni ma idan ina son ta zo, shi nake yi da hanci ina tsintar shinkafa, babu wanda zai ce na yi rashin kunya.

Sau nawa na ce ka ɗauke shi a waya? Sai ka yi dariya ka ce, "Wannan ai ba kiɗa ba ne, wasa ne. Ɗan koyo ma zai yi shi. Idan abokaina suka ji sai su ce hannuna ya mutu." Ya masoyina, a duk abin da yatsunka suka taɓa yi, shi kaɗai ne babu wanda ya koya maka. Sauran ka ji a wurin wasu ka fi su iyawa. Wannan kuwa daga ƙafar 'yarka ka ɗebo shi.

Ba sai na ba ka labarin zazzaɓin nan ba, kana nan. Kai ka ɗauke ta a hannunka zuwa maƙabarta, ni ina ɗaki mata sun riƙe ni. Ka dawo da jar ƙasa a gwiwar wandonka, ka zauna a tabarma kana amsa gaisuwa, kana cewa "Haƙuri sai Ma'aiki", idonka a bushe kamar kududdufi a watan bazara. Kowa ya yaba da ƙarfin halinka. Bayan sadakar arba'in ka rataye tsohuwar jitar a ƙusa, ka ce an kira ka aiki Abuja. Tun daga nan damina ta wuce, wata ta zagayo, shamuwa ta dawo kan rimin unguwa, kai ba ka dawo ba. Saƙonka yana zuwa, ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sha ba. Amma yaushe saƙo ya taɓa zama a bakin ƙofa ya yi min murmushi?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Taken yana ɓace min. Da farko ina yin sa kullum, ina wanke-wanke, ina ɗinkin hula, a hankali yadda babu mai ji. Ban san ranar da ya fara zubewa ba. Wata safiya na ɗauko shi, na bi shi taku-taku har wurin da ta faɗi, har wurin shirun nan, sai na tsaya. Abin da ke bayan shirun ya tafi. Na koma farko, na sake zuwa, na sake tsayawa. Wayyo ni! Kullum sai in kawo ta wurin faɗuwa in bar ta a ƙasa, na kasa tashinta. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba tana raye, sunan da nake da shi ɗaya ne, ga shi rabinsa ya fice daga kaina. Uwar da ta manta yadda ake kiran 'yarta, me ya rage mata?

Na tambayi Inna, ta gwada, sai ta zarce cikin wata waƙar daka ta zamaninsu, muka yi dariya muka ƙare da hawaye. Na rera rabin da na sani a wayar Muttaka, ya kai wa abokinka Nazeer a situdiyo. Allah ya saka masa, bai yi ƙyuya ba. Ya cike shirun da gudu da ado, ya ƙarasa shi da wani abu mai daɗi ƙwarai, ya aiko yana cewa, "A gaya wa Madam na gyara mata shi." Na yi godiya. Amma ya sa wa 'yar tatata ƙafar barewa. Bai san a shirun nan ne muke riƙe numfashi ba. Duk duniya mutum ɗaya ne ya san abin da ke bayan shirun, shi ne kuma yake can yana gudu don kada ya ji shi.

Na san dalilinka, ban kuma zarge ka ba. Na san idan yatsunka suka lafa, abin da ka danne a kan tabarmar makoki zai taso. To ya taso mana! Ɗakinmu yana da ƙofa, ƙofar tana da labule. Babu mai tafi a nan, babu mai cewa hannunka ya mutu, babu mai cewa namiji ba ya kuka. Jitar tana nan a ƙusarta, ina goge ta duk Juma'a. Tsirkiya ɗaya ta tsinke da kanta, ban bari kowa ya taɓa ba. Ka zo ka ɗaura ta. Ka yi kuskure, ka tsaya a tsakiya ka kifa kai, zan jira. Yayana Mubarak ya ce in koma gida in huta har ka san abin da kake ciki, na ce masa inda aka bar ni nan za a tarar da ni.

Roƙo ɗaya nake yi, ya hasken idona, kada ka ƙi ni. Na san ka. Idan ka karanta wannan, tausayi zai kama ka, ka nemi ɗaki ka rufe, ka kaɗa taken a waya ka turo wa Muttaka, ka ce ka sauke nauyi. Kada ka yi. Na riga na gaya masa ko ka turo ba zan saurara ba. Ina tsoron in wayi gari sauran rabin ma ya tafi, Allah ya sani ina tsoro. Amma gara in zauna da wannan tsoron ina jiranka, da in sami kiɗan in rasa mai kiɗan. Tare muka gan ta ta faɗi. Ka zo mu tashe ta tare.

Ina nan a kan alkawarin da na ɗauka a zauren Baba, ba zai motsa ba sai dai Dala ta motsa. Allah ya tsare min kai, ya sanyaya zuciyarka, ya juyo da fuskarka gida.

Taka a yau, taka har ranar da za a kai ni kusa da ita,

Yahanasu