Rasuwar Barista Jethro Tagwai Bobai da Sunan da Bai Shiga Rajista Ba

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Mizani Ɗaya, reshen Nijeriya, mai ofishi a Barnawa, Kaduna, ta sami labarin rasuwar ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ta, Babban Magatakardanta kuma mai riƙe da Rajistar Tsararru, dattijon ikilisiya, Barista Jethro Tagwai Bobai, wanda ya rasu da hantsin ranar Talata, 4 ga watan Yuni, 1985, a wani asibiti da ke kudancin Kaduna, yana da shekara hamsin da tara, bayan ya yi fama da hawan jini. Ya bar uwargidansa Mama Rebecca, da 'ya'ya huɗu, da jikoki shida. Mun jinkirta fitar da wannan saƙo har kwana goma sha uku bisa roƙon iyalinsa, kuma mai karatu zai ga dalilin jinkirin kafin ya kai ƙarshen takardar.

Marigayin ya fara aiki yana saurayi a matsayin tafintan kotu a Kafanchan, inda ya shekara goma sha ɗaya yana tsaye tsakanin alƙali da mutanen da ba sa jin abin da ake tuhumarsu da shi. Ya sha gaya mana cewa a nan ne ya ga mutum ya amsa laifin da bai fahimta ba, don kawai ya gaji da tsayuwa. Daga tafinta ya zama rajistara, ya yi ta karatun shari'a ta hanyar wasiƙa yana aiki, har ya zama lauya yana da shekara arba'in da uku, a lokacin da sa'o'insa ke shirin ajiye aiki. Duk wanda ya taɓa kai masa takarda ya san shi: sai ya goge tabarau, ya karanta ta tun daga kwanan wata har zuwa hatimi, sannan ya ɗago ya amsa gaisuwa. Mun sha yi masa tsiya a kan haka, bai taɓa fasawa ba.

A shekarar 1981 ne shi da wasu lauyoyi da tsofaffin alƙalai daga Nijar da Kamaru da Benin suka zauna a Maraɗi da niyyar fitar da ma'auni guda wanda za a riƙa auna kowace hukuma da shi idan ta kama mutum, ko mulkin soja ne ko na farar hula, ko kotunanta gadon Ingila ne ko na Faransa. Aikin bai zo da sauƙi ba. Kwana biyu aka yi ana kai ruwa rana ta bakin tafinta, kowa na kare tsarin da ya karanta, sai marigayin ya roƙi a sallami tafintan a koma Hausa, tunda kusan kowa a ɗakin da ita yake ciniki a kasuwa. A kan yawan kwanakin da za a iya riƙe mutum kafin a kai shi gaban alƙali kaɗai an ci wuni guda, wasu na cewa biyu, wasu na cewa goma, har aka tsaya a kan uku, domin shi marigayin ya kafe cewa babu ƙauyen da ya sani wanda mota ba za ta kai mutum kotu daga cikinsa a kwana uku ba. Aka kuma amince cewa dole a rubuta sunan wanda aka kama, a sanar da iyalinsa inda yake, a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a bar shi ya ga lauya. Abin da aka sa wa hannu ke nan, shafi ɗaya da rabi, kuma shi ne ya rubuta shi da hannunsa.

Daga wannan zama aka buɗe Rajistar Tsararru. Duk wanda aka riƙe saɓanin waɗannan ƙa'idoji ana shigar da sunansa, sai rassan sauran ƙasashe uku su yi ta rubuta wa hukumar da ke riƙe da shi, domin mun lura hukuma ta fi jin kunyar maƙwabta a kan 'ya'yanta. Mutum arba'in da uku sun koma gidajensu ta wannan hanya cikin shekara uku. Amma a shekarar farko mun yi kuskuren da ya kusa kashe ƙungiyar: muka shigar da sunan wani mutum bisa jita-jita, muka cika duniya da wasiƙu, ashe yana kasuwar Marwa ta Kamaru yana sayar da albasa, ya gudu ne daga rigimar gida. Aka yi mana dariya, aka daina amsa mana wasiƙa wata da watanni. Saboda haka marigayin ya kawo ƙa'idar da dukan rassa suka amince da ita, cewa suna ba zai shiga rajista ba sai wakilin wata ƙasa ya zo ƙafa da ƙafa, ya zauna da iyalin, ya ga shaida da idonsa, ya sa hannu. Wannan ƙa'ida ce ta mayar mana da mutuncinmu, kuma ita ce ta ɗaure mu daga baya.

A watan Afrilun bara aka rufe iyakokin ƙasar nan, ba shiga ba fita, a daidai lokacin da dokar soja ta ba da ikon tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba, kuma ta hana kotu tambaya. Ofishinmu ya cika da mata da tsofaffi. Ta farkon zuwa ita ce Malama Larai ta Tudun Wada, wadda aka tafi da mijinta Malam Haruna, maƙerin ƙofofi, daga bakin shagonsa. Ta zo da shaidu uku da hoto da takalmin da ya bari. Marigayin ya saurare ta har ƙarshe, ya rubuta komai a takarda daban, sannan ya gaya mata cewa ba zai iya shigar da sunan ba sai wakilin waje ya zo, ta yi haƙuri, iyaka ba ta daɗewa a rufe. Haka ya gaya wa iyalai goma sha ɗaya bayanta.

Da safiyar Litinin, 13 ga watan Agustan bara, wasu jami'an tsaro cikin farin kaya suka tare babban ɗansa, George Jethro Bobai, ɗan shekara talatin da ɗaya, jami'in ƙungiyar ma'aikata a wata masaƙa da ke Kakuri, a bakin ƙofar masaƙar, a gaban abokan aikinsa, suka sa shi a mota. Tun ranar ba wanda ya sake ganinsa. Marigayin ya zaga duk inda uba zai zaga, ya shigar da ƙara aka ce kotu ba ta da hurumi, ya nemi fita ta jirgi ya kai maganar ga 'yan'uwanmu na waje aka karɓe masa fasfo. Rajistar kuwa tana cikin akwatin ƙarfe a ofishinsa, makullin na aljihunsa. Muka taru muka roƙe shi ya amince wakilin waje ya sa hannu ta wasiƙa. Amsar da ya ba mu guda ce, kuma ita ya riƙa maimaitawa: "Da wane ido zan kalli Larai?"

Ya zama dole mu faɗi abin da ya faru a watan Maris, ko da yake marigayin bai so a faɗa ba. Amininsa kuma takwaransa na reshen Nijar, wani dattijon lauya daga Damagaram wanda za mu sakaya sunansa saboda dalilin da kowa zai gane, ya kasa jurewa. Mutum mai shekara sittin da ciwon gwiwa ya hau bayan babur, ya bi ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki tare da masu fasa-ƙwauri, ya iso Barnawa da rana tsaka, ƙura har gira, da alƙalaminsa a aljihu, a shirye ya sa hannu a kan dukan sunayen goma sha uku. Marigayin ya rungume shi yana hawaye, Mama Rebecca ta tuƙa masa tuwon acca, aka ba shi ɗakin George ya huta. Da aka zo maganar sa hannu, sai marigayin ya nemi ganin fasfonsa, ya goge tabarau, ya duba shafi bayan shafi, bai ga hatimin shigowa ba. Ya ce wanda ya shigo ta hanyar karya doka ba zai yi shaida a kan masu karya doka ba, domin ranar da hukuma ta gano haka, ba sunaye goma sha uku kaɗai za su faɗi ba, har da na Kamaru da na Benin da duk wanda zai zo nan gaba. Baƙon ya kwana uku yana lallashi, yana faɗa, har ya kira shi mara imani a gaban matarsa. A rana ta huɗu ya koma ta hanyar da ya zo.

Ni mai sa hannu a wannan takarda ina falon a ranar, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci ƙwarai, na yi mako shida ban taka gidansa ba, abin da nake nadama yanzu. Har yau ban yarda ya yi daidai ba. Amma na kasa nuna inda ya yi kuskure, kuma na yi ƙoƙari. Na san dai ba taurin zuciya ba ne, domin duk ranar Litinin sai ya je bakin ƙofar masaƙar nan ya tsaya har ma'aikatan safe su gama shiga, sannan ya wuce ofis. Bayan rasuwarsa kwamitin zartarwa ya zauna sau biyu don a sassauta ƙa'idar, sai muka tarar cewa gyara ta na buƙatar wakilan ƙasashe huɗu su zauna a ɗaki ɗaya, kuma wannan sharaɗin ma da hannunmu muka amince da shi. Makullin akwatin yanzu yana wurina. Na buɗe, na duba, na rufe, ban rubuta komai ba.

A madadin Shugaban ƙungiya, da kwamitin amintattu, da kwamitin zartarwa, da dukan 'yan reshen Nijeriya, da kuma 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Benin waɗanda ba su da hanyar zuwa zaman makoki, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidan marigayin, Mama Rebecca Jethro Bobai, da 'yarsa Malama Irene da ƙannenta, da dattawan gidan Bobai, da Rabaran da dattawan majami'arsu ta Narayi, da abokan aikinsa lauyoyi, da iyalai goma sha biyun da ke zuwa ofishinsa duk mako, waɗanda suka riga kowa zuwa gaisuwa, Malama Larai na gabansu. Muna roƙon Ubangiji ya ba shi hutawa, ya ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi da wancan da suke ɗauke da shi tun bara, ya kuma ba mu da muka rage basirar fita daga inda muka sami kanmu.

Bisa al'adar gidansu, babban ɗa ne ke fara zuba ƙasa a kabarin mahaifinsa, kuma saboda haka ne gawar ke ajiye a mutuware, wato ɗakin ajiye gawa na asibiti, tun ranar rasuwa, saboda haka ne kuma muka jinkirta wannan saƙo. Cikin waɗannan kwanaki iyalin da ƙungiya mun rubuta wa duk ofishin da muke zaton yana da masaniya, muna roƙon a kawo George ko da na awa ɗaya ne, ko da da ankwa a hannunsa. Ba a ce mana a'a ba, ba a ce mana i ba, ba a ma amsa cewa yana hannu ba. Dattawan gida sun yanke cewa ba za a ci gaba da ajiye mamaci ba. Za a yi addu'ar bankwana a majami'ar Narayi ranar Juma'a, 21 ga wata, da ƙarfe huɗu na yamma, a kuma binne shi a ƙauyensu kusa da Zonkwa ranar Asabar, 22 ga wata, da ƙarfe goma na safe.

Mama Rebecca ta roƙi mu isar da saƙo ɗaya, kuma muna isar da shi kamar yadda ta faɗa. Ta ce ta daina roƙon a kawo shi. Abin da take roƙo yanzu shi ne, duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, gandiroba ne ko soja ko mai kai abinci ko mai shara, in yana inda George yake, ya dubi Allah ya gaya masa cewa mahaifinsa ya rasu, ya gaya masa ranar da za a binne shi, don ya san lokacin da zai yi addu'a. In kuwa babu wanda za a gaya wa, to ita a gaya mata, domin ta san ko kabari ɗaya za a haƙa ranar Asabar ko biyu. Ofishinmu yana buɗe kullum, kuma ba za mu tambayi mai kawo labari sunansa ba.

Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, amin.

Sa hannu:
Alhaji Isiyaku Tanko Makera,
Kakakin Ƙungiyar Mizani Ɗaya, Reshen Nijeriya,
Barnawa, Kaduna.
Litinin, 17 ga Yuni, 1985.