Littafin da Ake Ɓoyewa a Bayan Littattafan Noma

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ya Gusau, ya maigidan, ya jikin Ummi? Da fatan zazzaɓin ya sake ta. Mu nan Kurmin Mashi lafiya lau.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba na son makarantar jinyar da Baba yake nema mini. Karatun aikin laburaren da na fara kafin a samu gurbi, shi nake so in ƙarasa.

A laburaren da nake aiki, kullum da safe nakan bi kantoci in mayar da kowane littafi wurinsa. An koya mana a aji cewa littafin da ya bar lambarsa ya ɓata ke nan. To, akwai wani littafin soyayya da nake ta tsinta a bayan littattafan noma. In na mayar, washegari ya koma can. Rannan na ga mai ɓoyewar, wata dattijuwa mai sayar da kunu a Abakpa. Ta ce, "'Yar nan, da girmana na koyi karatu, a hankali nake bi. In kin mayar, 'yan mata su are. In na kai gida, jikoki su yi mini dariya."

Sai na riƙa ajiye mata shi a teburina. Kin san ni, tuni na karanta shi, amma ban faɗa mata ƙarshen ba. Jiya ta gama, ta ce in zaɓo mata wani.

Yaya, Baba yana jin maganarki. Ki yi masa magana kafin a fara ɗaukar ɗalibai. Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da kowa.

Na so in yaga takardar nan, amma ga Malam Sani direba, maƙwabcinmu, zai tashi zuwa Gusau. Bari in miƙa masa.

Ƙanwarki,
Rukayya